Mudun Auna Jari Mai Ɗorewa da Mutanen Bakin Dajin Rugu

Yau za mu duba wata magana da ake yi a manyan bankuna da ma'aikatun kuɗi na duniya, wadda in aka bi sawunta sai a tarar ta ɓulla a gonar gero a Batsari da garken shanu a Safana. Maganar ita ce ƙa'idojin da ƙasashe ke rubutawa don tantance jarin da ya cancanci a kira shi mai ɗorewa, wato jarin da zai kawo riba ba tare da ya cuci ƙasa da ruwa da iska da mutanen da ke rayuwa da su ba.

Wani zai ce, ina ruwan manomin Wagini ko makiyayin Runka da takardun da ake rubutawa a Turai? To, da ruwansa. A yau akwai maƙudan kuɗi a hannun asusun fansho da kamfanonin inshora da bankunan raya ƙasa, waɗanda masu su suka gindaya sharaɗin ba za a zuba su ba sai a aikin da ke kare muhalli. Irin waɗannan kuɗi sukan zo da wa'adin biya mai tsawo, wani lokaci har da rangwamen kuɗin ruwa. Aikin da sunansa ya shiga jerin da aka amince da shi, ƙofa a buɗe take gare shi. Wanda bai shiga ba kuwa, ko da ya fi kowanne amfani, a waje zai kwana.

Bari mu ɗan koma baya. A 2007 Bankin Zuba Jari na Turai ya sayar da takardun lamuni na farko da aka keɓe kuɗinsu don ayyukan da suka shafi sauyin yanayi, Bankin Duniya ya biyo baya a 2008. Da aka ga kasuwar ta karɓu, sai kowa ya fara kiran hajarsa mai kare muhalli, mai gaskiya da mai ƙarya. Abin ya kai ga a 2023 hukumar kula da kasuwar hannayen jari ta Amurka ta ci wani reshe na kamfanin DWS na Jamus tarar dala miliyan 19, saboda abin da ya faɗa wa masu zuba jari game da yadda yake tantance ayyuka bai yi daidai da abin da yake aikatawa ba.

Duk wanda ya saba cin kasuwar hatsi ya san rigimar mudu. In kowane ɗan kasuwa zai zo da nasa, wannan an bubbuge masa gindi, wancan an rage masa baki, to ciniki ya lalace, amana ta tafi. Shi ya sa ake tsayawa a kan mudu ɗaya da kowa ya yarda da shi. Kundin tantance jari, wanda masana ke kira taksonomi, shi ne mudun kasuwar kuɗi. Yana lissafa ayyuka ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi sharuɗɗan da kowanne zai cika kafin a amince da shi. Sai dai tambayar da za mu riƙe a zuci ita ce: wa ya ƙera mudun, kuma hatsin wa ya sa a ransa lokacin da yake ƙerawa?

Kundin da ya fi suna shi ne na Tarayyar Turai, wanda ya zama doka a 2020. Ya tsayar da manufofi shida: rage hayaƙin da ke ɗumama duniya, shirya wa jure sauyin yanayi, kare ruwa da tekuna, sake sarrafa kaya maimakon zubar da su, hana gurɓata muhalli, da kare dazuzzuka da halittun da ke cikinsu. Kafin aiki ya ci jarrabawa, dole ya taimaka sosai ga aƙalla ɗaya daga cikin shidan, kada ya yi wa sauran biyar babbar illa, ya kiyaye haƙƙin ma'aikata da na ɗan'adam, sannan ya cika ma'aunin da ƙwararru suka rubuta da alƙaluma. Misali, tashar lantarki ba za ta wuce giram 100 na hayaƙi a kan kowane kilowat na awa guda ba. Dokar ba ta hana kowa zuba kuɗinsa inda ya ga dama ba. Abin da ta hana shi ne ka yi aikin da bai ci jarrabawa ba, sannan ka ce ya ci.

A takarda abin ya yi kyau. Amma da aka zo aiwatarwa, sai siyasa ta shigo da ƙafar dama. Faransa, wadda mafi yawan lantarkinta daga nukiliya yake, ta nace sai an sa nukiliya. Jamus da wasu ƙasashen gabashin Turai suna buƙatar iskar gas. A 2022 aka shigar da su biyun bisa wasu sharuɗɗa. A watan Yulin shekarar aka yi yunƙurin hana hakan a Majalisar Turai, 'yan majalisa 278 suka goyi bayan hanawa, 328 suka ƙi, Ostiriya kuma ta garzaya kotu. Ita ma Sin, a jerin da babban bankinta ya fitar a 2015, ta sa har da tashoshin kwal da ta ce an tsabtace, sai a 2021 ta cire su. Abin da ya fi shafar mu shi ne wannan: da Turawa suka fitar da ma'aunin farko a 2021, sun ajiye noma a gefe, domin a lokacin suna tsaka da ja-in-ja a kan tallafin manomansu.

Darasin a fili yake. Kowace ƙasa tana rubuta kundinta ne tana kallon ɗakinta. Kolombiya, da ta fitar da nata a 2022, ta sa noma da kiwo da gandun daji a tsakiyarsa, domin a nan matsalarta take. Ƙasashen kudu maso gabashin Asiya suka kasa ayyuka gida uku kamar fitilar kan hanya: kore, ruwan ɗorawa da ja, don aikin da bai kai ba amma yana kan hanya ya samu wurin tsayawa. A Afirka, Afirka ta Kudu ce ta fara a 2022, Ruwanda da Ghana da Kenya suka bi sahu.

Mu a Najeriya ba baƙi ba ne a wannan fage. Tun 2012 Babban Bankin Najeriya ya ɗora wa bankuna ƙa'idoji tara na kula da muhalli da al'umma wajen ba da rance. A Disamban 2017 gwamnatin tarayya ta sayar da takardun lamunin kare muhalli na naira biliyan 10.69, ta zama ta farko a Afirka da ta yi haka, ta ƙara na naira biliyan 15 a 2019. A 2018 hukumar kula da hada-hadar hannayen jari ta fitar da dokokin irin wannan lamuni, a 2021 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar sauyin yanayi. Daga cikin abin da kuɗin lamunin suka yi akwai tashar lantarkin hasken rana ta Jami'ar Bayero a Kano mai megawat 7.1, wadda aka buɗe a 2019. Aiki ne na gani na faɗa. Amma a lura, hatimin da aka buga wa lamunin farko na wata cibiya ce da ke Landan, kuma da ma'auninta aka auna.

Yanzu mu ɗauko wannan ma'auni mu kawo shi yammacin Katsina, mu ga abin da zai gani da wanda zai tsallake.

Batsari da Safana suna bakin Dajin Rugu, wanda ya miƙe har cikin Zamfara. Ƙasar noma ce da kiwo: gero da dawa da wake da gyaɗa, ga rogon da aka san Batsari da shi, ga shanu da tumaki da awaki. A shekarun 1960, zamanin da gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar makiyayu ta 1965, yankin Ruma da Kukar Jangarai na cikin wuraren farko da aka keɓe wa kiwo, aka yi madatsun ruwa da mashaya da taimakon Amurka, Runka ta zama cibiyar aikin. Da aka daina kula, madatsun suka cike da yashi, gonaki suka ci burtali, masu saran itace da masu gawayi suka shiga da manyan motoci, hukuma ta janye jikinta daga daji. Abin da ya biyo baya ba sai an faɗa wa mutumin Batsari ba. Satar shanu ta rikiɗe ta zama garkuwa da mutane da ƙone ƙauyuka. Mutanen Tsauwa da Dankar ba za su manta da watan Fabrairun 2020 ba.

A ƙarshen Agustan 2021, Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a dokar daƙile matsalar tsaro. Cikin abin da ta hana akwai ɗauko itacen girki daga daji da manyan motoci, da sayar da dabbobi a kasuwannin wasu ƙananan hukumomi, har da Batsari da Safana. Bayan 'yan kwanaki aka katse layukan waya. Ko mutum ya yarda da matakin ko bai yarda ba, akwai abin lura a cikinsa: gwamnati da kanta ta sa itace da shanu da bindiga a takarda ɗaya. A wannan yanki, maganar muhalli da maganar tsaro ba sa rabuwa. Duk kundin da ya raba su, ya riga ya kuskure hanya tun daga shafin farko.

Mu ɗauki misalai.

Na farko, itace. Ka shiga gonar da aka bar wa gawo. Da damina, lokacin da sauran itatuwa ke cika da ganye, shi zubar da nasa yake yi, don haka ba ya tare wa shuka rana, ganyen kuma ya ruɓe ya zama taki. Geron da ke gindinsa ya fi na nesa tsawo da kauri, ba sai an kira malamin gona ya shaida ba. Da rani ya yi kore shar, ya zubo 'ya'yan da awaki da shanu ke rububi, su kwanta a inuwarsa su bar kashinsu a nan. Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram sun gina babban aiki a kan wannan sani, suna kiransa sassaben zamani. Lokacin sharar gona, maimakon manomi ya sare duk tohon da ke fitowa daga kututturen sabara ko kalgo ko gawo ya cinna masa wuta, sai ya zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi ya bari, ya datse sauran. Saiwar tana nan da ranta a ƙasa, don haka ba ta neman ban-ruwa. Kowace shekara ya rage rassa, uwargida ta samu na girki. Tun daga shekarun 1980, da manoma suka tabbata itacen da suka rena nasu ne, malamin daji ba zai ci su tara a kansa ba, an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin Nijar.

To wannan aiki ba shi da rasit. Babu gandun renon dashe, babu tankar ruwa, babu waya mai ƙaya, babu ɗan kwangila. In kundin tantancewa ya ce abin da ya sani shi ne yawan dashen da aka dasa, to kuɗin zai tafi wurin wanda ya iya cike takarda, a yi bikin dasa itace ranar da manya suka zo, kafin bazara awaki sun gama da shi. Katsina na cikin jihohi 11 na shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ta Afirka, tana kuma cikin shirin ACReSAL na dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya amince da shi a ƙarshen 2021 don farfaɗo da hekta miliyan 1 a arewa. Abin da ya kamata a ƙirga a irin waɗannan ayyuka shi ne itacen da ke tsaye da ransa bayan shekara uku ko biyar, da kuma wanda ya mallake shi.

Na biyu, shanu. Masana kimiyya sun ce shanu na fitar da iskar da ke ɗumama duniya, kuma gaskiya suka faɗa. Amma saniyar da ke cin kara da harawa a Safana ba ɗaya take da wadda aka share mata daji a Burazil ba. A da, bayan girbi manomi ke gayyatar Bafulatani ya sauka a gonarsa, shanu su cinye kara su bar taki, a ba shi hatsi, matansa su kawo nono da man shanu kasuwa. Wannan hulɗa ce ta riƙe ƙarfin ƙasar nan shekaru aru-aru. Jarin da zai dawo da ita shi ne na yashe madatsun ruwa, shata burtali da kafa masa alamu, asibitin dabbobi, noman ciyawa, wurin tara madara, da makarantar 'ya'yan makiyaya. A 2021 gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 6.25 don wuraren kiwo na zamani a Katsina, a 2024 kuma aka kafa ma'aikatar kiwo ta tarayya. Madalla. Amma in kiwon da aka killace da waya kaɗai kundin zai gane, to masu hannu da shuni za su kwashe garaɓasar, mai shanu ashirin ya sake tarar da shinge a hanyar mashaya. Mun ga inda irin wannan toshewa ta kai mu.

Na uku, kuma wanda ya fi tayar da hankali, maganar fili. Akwai ƙauyuka a bakin daji da mutanensu suka watse, wasu suna cikin garin Batsari, wasu Dutsin-ma, wasu Katsina, wasu ma sun tsallaka Nijar. Gonar da aka yi shekaru ba a noma ba, daji take komawa. Wanda ke zaune a ofis yana duba hoton tauraron ɗan'adam zai ga kore ya ƙaru, ya rubuta cewa an samu ci gaba. Wani kamfani kuma zai ga fili babu kowa, ya nemi a ba shi ya dasa itatuwa ko ya shimfiɗa faifan sola, ya sayar wa Turawa shaidar rage hayaƙi. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamna, mafi yawan manoman karkara kuwa ba su da takarda, shaidarsu ita ce mai unguwa da dagaci da maƙwabcin gona. In ba a yi hattara ba, wanda ɗan bindiga ya kora da tsakar dare, mai jari zai hana shi dawowa da tsakar rana, kuma da hatimin kare muhalli a hannunsa. Sharaɗin nan na kada a yi babbar illa, a wurinmu dole ya haɗa da wannan: ba a taɓa gonar ɗan gudun hijira, ba a toshe burtali, ba a rufe mashaya, ba a kuma fara aiki sai da yardar waɗanda abin ya shafa.

Na huɗu, murhu. Ku dubi uwargida a madafa da duwatsu uku da ɗanyen itace, tana hura wuta idanunta na zubar da hawaye, ga goyo a baya yana shaƙar abin da take shaƙa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin cikin gida na kashe kimanin mutum miliyan 3 a shekara. A yankin da zuwa itace ya zama sayar da rai, tukunyar gas ko ingantaccen murhu mai cin itace kaɗan ceto ne ga daji da huhu da mutuncin mata. Amma gas ɗan'uwan fetur ne, kuma a taron Glasgow na 2021 ƙasashe da dama sun yi alkawarin daina zuba kuɗin gwamnatocinsu a irin wannan makamashi a ƙetare. Tsohon mataimakin shugaban ƙasa Yemi Osinbajo ya sha kokawa da haka, yana nuni da cewa nahiyar da hayaƙinta bai wuce kusan kashi 4 cikin 100 na duniya ba, bai kamata a rufe mata ƙofar da Turai ta bar wa kanta a buɗe ba. A nan ajin tsakiya irin na ƙasashen Asiya zai yi mana amfani: a amince da gas ɗin girki a matsayin mataki, a sa masa sharaɗi da wa'adi.

Na biyar, injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, masu noman rani da dama sun koma sola. Wannan kam babu kundin da zai ƙi shi. Matsalarsa ita ce ƙanƙanta: lamuni ana maganar biliyoyi ne, kuɗin injin ɗaya kuwa bai kai abin da lauya da mai tantancewa za su caza ba. Sai an tara manoma a ƙungiyoyin gama-kai, an bi ta ƙananan bankuna, an kuma sauƙaƙa takardu, kafin kuɗin su gangaro fadama. Akwai kuma abin tsoro. Tunda rana kyauta ce, mutum zai bar inji yana zuƙa daga hantsi har la'asar, in kowa ya yi haka ruwan ƙasa ya ja baya, rijiyar unguwa ta ƙafe. Ke nan ko aikin da kowa ya yaba yana buƙatar sharaɗi. Ga kuma jama'a da yawa da ba sa son kusantar kuɗin ruwa saboda addini. Najeriya ta fara sayar da sukuk na naira biliyan 100 a 2017 don gina hanyoyi, Indonesiya kuwa a 2018 ta haɗa biyun ta fitar da sukuk na kare muhalli. Hanya ce da ta dace da mutanenmu, waɗanda tun asali sun saba da tambayar halas da haram kafin su sa kuɗinsu a wata harka.

Kada kuma mu manta da Lambar Rimi. Tashar lantarki ce mai aiki da iska, megawat 10, fankoki 37, wadda aka faro tunaninta tun Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamna. A kowane kundi na duniya za ta ci jarrabawa da maki mai kyau. Amma a Disamban 2012 aka sace injiniya Bafaranshe da ke aikin a Rimi, aikin ya yi ta jan ƙafa fiye da shekara goma, fankoki na tsaye jama'a na cikin duhu. Hatimi daban, amfani daban. Aikin da ba a tanadar masa tsaro da gyara da mai kula ba, sunan ɗorewa kawai ya ara.

Masu sauraro, akwai masu cewa in muka rubuta namu ma'auni daban, masu kuɗin waje ba za su yarda da shi ba, za su ce mun sassauta ne don mu ci bulus. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma mu muka ja wa kanmu, domin an sha karɓar kuɗin aiki a ƙasar nan ba a ga aikin ba. Amsar ita ce, ba sassauci muke nema ba. A riƙe ginshiƙan da duniya ta sani: amfani na zahiri, rashin illa, kare haƙƙin jama'a, da binciken wanda ba shi da hannu a aikin. Abin da za mu canza shi ne abin da ake aunawa. Turai babbar damuwarta hayaƙin masana'anta ne. Mu tamu ita ce damina mai gardama, zaizayar ƙasa, ƙarancin makiyaya da yunwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In ma an duba da kyau, sharaɗin da muke nema a kan fili da burtali ya fi nasu tsauri.

Haka kuma kada mu yaudari kanmu. Kundi ba ya haƙa rijiya, ba ya kama ɗan bindiga, ba ya sa mai jari ya kai kuɗinsa inda yake tsoron ransa. Dakarun tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a 2023, da zaman sulhun da aka yi ta yi a waɗannan ƙananan hukumomi a 2025, kowanne yana da masu yabo da masu suka. Amma ko ta wace hanya ƙura ta lafa, washegari tambaya ɗaya za ta taso: da me matashin da ya ajiye bindiga zai ci abinci, kuma ina manomin da ya dawo zai samu jarin tayar da gonarsa? In a ranar kundin ƙasa bai san da gawo da mashaya da murhu ba, kuɗin za su wuce ta kanmu zuwa Legas da Abuja, mu kuma a bar mu da taron ƙara wa juna sani.

Saboda haka kiranmu ga Babban Banki da ma'aikatar kuɗi da majalisar kula da sauyin yanayi ta ƙasa shi ne, duk ma'aunin da za a ɗora wa bankunanmu ya sa ƙaramin manomi da makiyayi a sahun gaba, ya ba jure wa fari da ambaliya daraja ɗaya da rage hayaƙi, a kuma fassara daftarinsa da Hausa da Fulatanci a karanta a gidajen rediyo kafin a sa masa hannu. Ba a yi wa mutum aski a bayan idonsa. Gwamnatin Katsina kuma ta fara da abin da ke hannunta: a shata burtali da makiyayu a taswira, a rubuta gonakin waɗanda suka gudu da sunan masu su tun shaidu na da rai, a tabbatar wa manomi da doka cewa itacen da ya rena nasa ne. Ɗan majalisar tarayya mai wakiltar Safana da Batsari da Ɗanmusa, da 'yan majalisar jiha, su nemi a kawo musu lissafin kowane aiki da aka yi da sunan muhalli a mazaɓunsu. Iyayenmu hakimai, Sarkin Ruma a Batsari da Yariman Katsina a Safana, tare da dagatai da arɗo-arɗo, su ne suka san iyakar kowace gona da tsohuwar hanyar kowane garke, don haka da su za a zauna tun ranar farko.

Ku kuma jama'a, duk ranar da aka zo garinku da mota da allon sanarwa aka ce an kawo aikin kare muhalli, ku karɓi baƙi hannu bibbiyu, sannan ku yi musu tambaya uku. Filin wa za a yi aikin a kai, kuma an tambaye shi? Wa zai mallaki abin da aka dasa ko aka gina, wa zai gyara in ya lalace? Kuma bayan shekara biyar, wa zai dawo ya ƙirga, a gaban wa zai faɗi sakamako? Aikin da ya amsa waɗannan uku ya cancanci ku ba shi goyon baya. Wanda ya kasa, ku kai maganarsa gaban dagaci da kansila da ɗan majalisa tun ba a kafa shinge ba.

A nan za mu dasa aya a sharhinmu na yau. Allah Ya zaunar da yankunanmu lafiya, Ya mayar da waɗanda suka bar gidajensu, Ya ba mu damina mai albarka. Sai wani jiƙon, mu kasance lafiya.